Alkamar Gidanmu

Eka goma sha ɗaya ubana ya bar mini a gefen Moga,
duk alkama.
In girbi ya matso sai ka ce zinariya aka shanya har bakin kwalta.
Shekara arba'in da shida ina cin ta safe da dare,
ashe ita ma tana ci na.

A Ludhiana, Likita Bhullar ta zana mini hanji a bayan ambulan.
Ta ce, "Tarlochan, cikin hanji kamar darduma yake, mai gashi.
Naka ya suɗe.
Gulutan ne, danƙon da ke cikin alkama da sha'ir.
Babu ƙwaya, babu allura. Maganinsa bari."
Na ce, "Har yaushe?"
Ta mayar wa biro murfinsa.

Uwata Surjit ta ƙi yarda.
"Hatsin da ya tsai da ƙashin kakanka shi zai kayar da kai?
Ci loma ɗaya, loma ba ta kisa."
Ta turo faranti, na tura mata,
ta juya fuska bango kamar na zage ta.

Matata Manjinder ta sayo sabon kasko,
ta ɗaura wa mariƙinsa jan zare,
kowa ya san wannan nawa ne.
Gurasar masara ba ta da haƙuri,
kana murza ta tana tsagewa.
Ta yi bakwai kafin ɗaya ta fito da kamannin abinci.
Na cinye har ɓurɓushin, ban ce komai ba.

A ɗakin ibada kuwa, in an gama addu'a,
ana zuba wa kowa alewar albarka a tafin hannu,
alkama da man shanu da sukari, da ɗuminta.
Na karɓa da hannu biyu, na kai goshi,
na miƙa wa jikana.
Ƙamshinta ya bi ni har gida.

Wata uku jiki ya dawo.
Wandona ya daina zamewa, na hau tarakta ba jiri.
Sai rannan da asuba ciki ya kumbura kamar ganga,
ƙuraje suka feso a gwiwar hannu,
alhali ko ƙwaya ban taɓa ba.

Na sayi littafin 'yan makaranta na shiga rubuta laifi.
Litinin, na zargi madara.
Laraba, na kori albasa.
Na je na tsaya a kan Pritam mai injin niƙa,
ya rantse ya share, na leƙa na ga farin gari a lungun bututu.
Muka koma dutsen niƙan kakata.
Ciwo bai fasa ba.

'Yata Navneet ce ta kama ɓarawon.
Ta ɗauko ƙaramin gwangwanin hing,
yajin nan mai wari da ake barbaɗawa a miyar wake,
ta karanta rubutun da ya fi ƙwayar riɗi ƙanƙanta:
an haɗa da garin alkama.
Abin da bai cika farce ba!
Uwata ta karɓi gwangwanin, ta daɗe tana juya shi,
ta fita da shi da kanta, ba ta dawo da shi ba.

Ba zan ce an gama ba.
Talatar da ta wuce shinkafa da kindirmo kawai na ci,
ciki ya kwana yana ƙugi.
Na duba littafi, babu wanda zan kama.
Na bar layin fari.

Bana ma alkama ta yi kyau.
Na ɗaure hanci da bakin rawani, na loda buhu ɗari biyu zuwa kasuwa,
wasu su ci lafiya.
Amma eka ɗaya ta wajen rijiya na ware wa gero.
Maƙwabta na tsayawa a kan babur suna dariya,
wai na koma noman abincin tsuntsaye.
Ina ɗaga musu hannu.
Tsuntsayen ma sun fara zuwa.